Zan shiga tseren motokros karo na farko, ta ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina aiki a kusa da Birmingham a Ingila. Tun ina yaro nake hawa babur a gida, Boxer da Jincheng babu wanda ban tuƙa ba. A bara na sayi Yamaha YZ250F mai injin 250cc na hannu, ina zuwa filin atisayen motokros, wato tseren babur a filin ƙasa mai tuddai da kwanoni, kusan duk ƙarshen mako. Yanzu wani kulob ya sa ranar tsere nan da wata guda, ina so in shiga amma gabana yana faɗuwa. Ban taɓa tsayawa a bayan ƙofar tashi ba, akwai tagwayen tudu da har yau ba na iya tsallake su, kuma bayan zagaye uku ko huɗu sai hannuwana su ƙage. Wani abokina ya ce in sayar da wannan in sayi mai injin 450cc don kada a bar ni a baya. Wace shawara za ka ba ni?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Idan na fahimce ka, abu huɗu ne ke damunka: tashin farko, tudun da ba ka tsallakewa, hannun da ke ƙagewa, da maganar canza babur. A ƙarƙashinsu kuma akwai tambayar da ba ka faɗa ba, wato ko ka isa shiga tsere ko ba ka isa ba. Wannan zan fara amsa maka. Idan kana iya zagaya fili na minti 15 ba tare da ka tsaya ba, kana iya bin layi ɗaya ba ka karkace hagu da dama, kana kuma iya tayar da babur ɗinka da kanka idan ya faɗi ya mutu, to ka isa. Sauri ba ya cikin sharuɗɗan. A ranar farko aikinka shi ne ka gama kowane tsere da aka sa ka a ciki, ka loda babur ɗinka a mota da ƙafarka, ka tafi aiki ranar Litinin. Duk shawarar da za ta biyo baya, a kan wannan na gina ta.

Faɗuwar gaba kuwa kada ta dame ka. Na daɗe ina tsere a matakin kulob, ina kuma gyara wa matasa babura a filin ajiye motoci, ban ga wanda ya zauna bayan ƙofa zuciyarsa a kwance ba. Wanda nake jin tsoro shi ne sabon da ya zo yana cika baki.

Yadda ranar take tafiya

A ƙasar da kake zaune aka haifi wasan nan. A 1924 aka yi tseren farko irinsa a Camberley da ke yankin Surrey, daga nan ya bazu zuwa Beljiyam da Holan da Faransa da Suwidin, aka fara gasar ƙasa da ƙasa a 1947, gasar duniya kuma ta kankama a 1957. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne kana wurin da tsari ya zauna. Manyan ƙungiyoyin tseren babur biyu da za ka fi cin karo da su su ne ACU, wadda aka kafa a 1903, da AMCA, wadda aka kafa a 1932 don masu yi saboda sha'awa. Kowace tana da lasisinta da dokokinta da yadda take kasa mahaya aji-aji. Ka fara gano a ƙarƙashin wacce kulob ɗin yake, ka karanta takardar dokokin wannan tseren daga farko har ƙarshe, domin a nan ake rubuta lokacin rajista, irin lambar da za ka manna, ko ana buƙatar na'urar auna lokaci da ake ɗaurawa a ƙafar gaba, da ko sai ka zo da wanda zai riƙe tuta. Ka tambaye su ko suna ba da lasisin rana ɗaya, don kada ka biya na shekara tun ba ka ɗanɗana ba.

A gasar duniya, MXGP ta masu 450 da MX2 ta masu 250, kowane tsere minti 30 ne da ƙarin zagaye biyu, sau biyu a rana, wanda ya zo na ɗaya ya sami maki 25, na biyu 22, na uku 20. A kulob abin ya fi haka gajarta: atisaye da safe, sannan tsere biyu ko uku, kowanne wajen minti 10 zuwa 15 da zagaye ɗaya. Kada ka raina wannan. Minti 12 na tsere sun fi rabin awa na atisaye cin jiki, saboda a atisaye kai kake zaɓar lokacin da za ka sassauta, a tsere kuwa akwai mutum a gabanka yana watsa maka ƙasa da tsakuwa, wani a bayanka yana ƙara maka totur a kunne, numfashinka ya hau tun kafin a tashi. Fili ma yana canzawa. Wanda ka gani da safe sumul, zuwa azahar tayoyi sun haƙa masa gurabe masu zurfi a kowace kwana, gaban kwanonin kuma ya cika da gargada inda kowa ke taka birki.

Ka shiga aji mafi ƙasa da aka yarda ka shiga. Babu abin kunya a ciki. Sabon da ya tsallake ajinsa saboda ganin ido yakan zama haɗari ga kansa da waɗanda suka fi shi.

Maganar 450

Abokinka yana so maka alheri, amma shawararsa ba ta yi ba. Boxer ɗin da ka saba da shi a gida ƙarfinsa bai wuce doki 8 ko makamancin haka ba. YZ250F ɗinka yana kusan doki 40, nauyinsa kuma kilo 105 ne da 'yan kai. Na 450 ya haura doki 50, nauyinsu kusan ɗaya. Kai da hannunka ke ƙagewa a zagaye na huɗu a kan 250, idan ka hau 450 a zagaye na biyu zai ƙage, kuma ranar da hannun ya ƙage yana murɗe da totur, babur ne zai zaɓa maka inda za ku. A ajin sababbi ba ƙarfin inji ke sa a wuce mutum ba, a kwana ake wuce shi da kuma lokacin da ya gaji. Na sha ganin yaro a kan ƙaramin babur mai injin 125cc yana zagaye manya masu 450. Ban da haka, wata guda kafin tsere ba lokacin canza babur ba ne, ba lokacin canza komai ba ne ma: sabon kan babur, sabon salansa, sabon takalmi da bai saki ba, duk ka bar su sai bayan tsere.

Kuɗin da za ka ƙara wa 450, ka sa shi a taya da shokozoba. Babur na hannu yawanci an saita shi ne don nauyin mai shi na da. Ka sa kayanka duka, ka hau, wani ya auna maka yadda bayan babur ya nutse idan aka kwatanta da lokacin da yake ɗage a kan kujerar da ake ɗora shi, tayoyi ba sa taɓa ƙasa. Ga irin naka ana neman wajen milimita 100 zuwa 105. Idan ya nutse fiye da haka, gaba zai yi sama, babur ya ƙi shiga kwana, kai kuma ka riƙa kokawa da shi da hannu, wanda yana cikin abin da ke ƙage maka dantse. Idan ba a san yaushe aka canza man shokozoba ba, ka kai a canza yanzu, ka sami makonni biyu kana sabawa da shi.

Sauran aikin a satin tsere ne, ba daren jajibere ba. Ka juye baƙin mai, ka wanke filtar iska ka shafa mata manta ta tsane, ka tanadi wata a leda. Ka bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, ka duba ceni da haƙoran sifaroket, ka saita sakinsa yadda littafin babur ya ce, ka duba takalmin birki da ruwan lagireto. Ka bi duk wani noti da sifana. Iskar taya wajen 12 zuwa 13 a ma'aunin psi, ka auna da safe a filin. Masu duba babur kafin tsere za su murɗa totur su ga ko yana komawa da kansa, su duba maɓallin kashe inji, su ga ko bakin hannun kuloci da na birki yana da ɗan dunƙulen nan nasa, wani wurin har ƙarar salansa ake aunawa. An sha mayar da mutum gida kan abin da bai fi minti biyar ba a gareji.

Kayan jiki kuwa, hular kwano ce kan gaba, mai tambarin ingancin da ƙungiyar ta amince da shi, wadda ta kama kanka daidai. Kada ka sayi ta hannu, domin hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi takan lalace ta ciki ba a gani a waje. Sai takalmin motokros na gaske mai kaiwa ƙasan gwiwa, makarin gwiwa, makarin ƙirji da baya, safar hannu, da tabarau guda biyu aƙalla. Filaye da yawa a Ingila gonakin mutane ne da dabbobi ke kiwo a ciki, shi ya sa suka hana ledar tabarau da ake ɓarewa a jefar idan laka ta rufe ta, sai irin mai naɗewa. Ka duba wannan tun a gida. Ka kuma tuna babur ɗinka ba shi da izinin hawa titi, sai a mota ko tirela, kuma ɓarayi suna son irinsa, kada ka bar shi a mota a waje ya kwana.

Safiyar tsere

Ka isa da wuri, ka tafi da mutum ɗaya aƙalla. Amfaninsa ba taya ka murna ba ne kawai: shi zai riƙe maka kujerar babur, ya saurari lasifika lokacin da ake kiran ajinka, kuma shi zai tuƙo mota idan ka ji ciwo. Ka yi rajista, ka kai babur a duba, ka halarci taron da ake yi wa mahaya, sannan ka zagaya filin da ƙafa. Da ƙafa za ka ga abin da ba a gani a kan babur: inda dutse ya leƙo, inda ruwa ya kwanta, abin da ke bayan kowane tudu, ta ina ake fita idan babur ya lalace. Ka tsaya a bakin ƙofar tashi ka kalli kwanar farko, ka taka har can, ka ga wane gefe ta karkata da yadda take tsukewa.

A atisayen safe, zagaye biyun farko na kallo ne. An jiƙa fili, santsi ya yi yawa, jikinka bai yi ɗumi ba. Babu wanda ake ba wa kofi a atisaye, amma akwai waɗanda ranarsu ke ƙarewa a nan.

Ƙofa da kwanar farko

A nan ne tsere ya sha bamban da duk abin da ka sani, don haka zan daɗe a kai. Ƙofar tashi jerin ƙarafa ce, kowane mahayi da nasa gurbi, a manyan filaye har mutum 40. Ba gaba take faɗuwa ba, wajenka take faɗowa. Wanda ya yi gaggawa ya tashi kafin lokaci, tayarsa ta gaba takan danne ƙarfen ya ƙi kwantawa, kowa ya tafi ya bar shi yana ja da baya. Don haka ka bar ɗan tazara tsakanin taya da ƙarfe. A tsarin da aka fi bi a nan, za a ɗaga allon daƙiƙa 15, sannan na daƙiƙa 5, bayan wannan ƙofa za ta faɗi a cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba a sanar da ainihin lokacin. Ka je ka kalli yadda aka tashi ajin da ke gabanka don ka ga tsarin kulob ɗin da idonka.

Tabarau shi ne na ƙarshen sawa, don kada ya yi gumi. Idan allon 15 ya ɗagu ka sa giya ta biyu, domin ta ɗaya gajera ce, za ta ɗaga maka gaba ko ta sa ka canji tun ba ka je ko'ina ba. Ka matso gaban sirdi, ƙafafu biyu a ƙasa a gaban matakan ƙafa suna matse da babur, ƙirji a kan kan babur, gwiwar hannu a sama. Idan na 5 ya fito ka riƙe totur wajen rabi, ka tsayar da shi a nan, ka saki kuloci zuwa daidai inda ya fara kamawa, yatsa ɗaya a birkin gaba. Idonka a kan ƙofa, ba a kan maƙwabcinka ba. Tana motsawa ka saki birki, ka ci gaba da sakin kuloci a hankali. Sakinsa gaba ɗaya lokaci guda shi ke sa babur ya miƙe tsaye ko taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Wannan abu ne da ake koya: a makonnin da suka rage, duk zuwanka atisaye ka ware lokaci ka yi tashi da yawa a gefen fili, wani ya jefar da dutse ko ya sauke hannu a madadin ƙofa, kana barin inji ya huce tsakani saboda kuloci yana zafi.

Yanzu ga abin da nake gaya wa duk sabon da ya zo hannuna, ko da wasu ba su yarda da ni ba. A tseren farko kada ka nemi shiga kwanar farko a gaba. Mutum talatin ko arba'in sun taso a jere, hanya ta tsuke ta koma ta mutum biyar ko shida, kuma a ajin sababbi rabinsu ba su san inda za su taka birki ba. A nan ake yin karo mafi muni. Akwai zaɓi uku. Gurbin ciki shi ne mafi kusa da kwana, amma idan ba ka riga su ba za su rufe ka. Na tsakiya shi ne tsakiyar turmutsitsi. Na waje ya fi nisa, amma yana ba ka sarari, sai dai duk wanda ya faɗi a kwana waje yake zamewa. Abin da na fi so shi ne ka zaɓi wajen, ka tashi da kyau kamar kowa don ka ji yadda abin yake, sannan ka sassauta da wuri, ka bar taron ya shige, ka sa ido a cikin kwanar, domin can ne hanya ke buɗewa idan an zube. Sau da yawa wanda ya yi haka yakan fito daga kwanar farko ya riga mutum biyar ko shida da ke ƙasa suna neman babur ɗinsu. Masu cewa wannan yana koya wa mutum tsoro suna da hujja idan ya zama ɗabi'a. Ni ban ce ka dawwama a kai ba. Tsere na farko da na biyu na ranar ka yi haka, idan ka ji ka natsu, a na uku ka ƙara matsawa.

Abu guda da kowa ke mantawa: numfashi. Daga faɗuwar ƙofa har rabin zagayen farko sababbi da yawa ba sa shaƙar iska yadda ya kamata. Ka zaɓi wuri biyu a fili, miƙaƙƙiyar hanya ko saman tudu, ka ce duk isowata nan zan fitar da numfashi in sassauta yatsu.

Tagwayen tudu da zama a layi

Tudun da ba ka tsallake shi a atisaye ba, ba ranar tsere za ka fara ba. Ka yanke wannan hukunci tun a gida, domin a fili, da 'yan kallo a bakin igiya da wani ya wuce ta samanka, zuciya za ta ce maka gwada. Tudu mai shimfiɗaɗɗen kai yana yafiya, idan ka gaza kaiwa ƙarshe a samansa za ka sauka. Tagwaye ba sa yafiya: wanda ya gaza, fuskar tudu na biyu yake dira, daga nan ake samun karayar wuyan hannu da idon sawu da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Ka hau na farko ka gangara, ka hau na biyu ka gangara. Abin da za ka rasa daƙiƙa biyu ne ko uku a zagaye.

Sai dai gangarawar tana da nata ladabi, kuma wannan ya fi komai muhimmanci a duk abin da na rubuta. Wanda ke bayanka yana iya zuwa da niyyar tsallakewa, kuma da zarar ya bar ƙasa ba shi da ikon canza hanya. Don haka ka zaɓi gefe ɗaya na tudun, ka riƙa bin sa kowane zagaye, ka shige shi tun daga nesa, kada ka taɓa ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan a fuskar tudu ko a bayansa. Haka dokar take a ko'ina cikin fili. Idan ka ji na gaba-gaba sun iso za su zagaye ka, ko aka nuna maka shuɗiyar tuta, kada ka waiwaya, kada ka yi saurin kaucewa don ka ba su hanya. Sun riga sun gan ka, sun zaɓi inda za su bi bisa layin da kake kai. Kaucewar da ka yi don kirki ita ce za ta haɗa ku. Wannan yana cikin abin da tuƙin gari ya koya mana akasinsa, a titi mun saba da waiwaye da ba da hanya, a nan kuwa alherin da za ka yi wa na bayanka shi ne ya san inda za ka kasance.

A ƙananan tudun da kake tsallakewa, ka riƙe totur daidai har taya ta bar ƙasa. Idan ka sake shi a fuskar tudu, inji irin naka yana riƙe tayar baya, gaba ya nutse. Idan ka ƙara da yawa, gaba ya yi sama. A miƙe za ka hau, gwiwa a ɗan lanƙwashe.

Tutoci kuma ka haddace su. Rawaya a tsaye tana nufin akwai haɗari, ka yi hattara. Idan ana kaɗa ta, haɗarin babba ne: ka rage gudu sosai, ba wuce wani, ba tsalle. Fara mai jan gicciye tana nufin ma'aikatan lafiya suna cikin fili. Ja, an tsayar da tsere. Baƙa da lambarka, kai ake so ka fita. A Ingila rawaya mai baƙin gicciye takan nuna zagayen ƙarshe, sai mai baƙi da fari ta kammalawa. Bayan ka wuce ta kada ka tsaya cak a bayan tudun ƙarshe, akwai masu zuwa da gudu.

Hannun da ke ƙagewa

Abin da ke faruwa shi ne naman dantse yana cikin wata fata mai tauri da ba ta buɗewa sosai. Idan ka daɗe kana damƙe da ƙarfi, jini yana shiga fiye da yadda yake fita, naman ya kumbura a cikin wannan kube, ya taurare, yatsu su daina jin umarni. Har zakarun duniya suna fama da shi, wasunsu sai da aka yi musu tiyata. Amma ga sabon mahayi, kusan kullum sanadin ba ciwo ba ne, riƙo ne. Wanda ya taso a kan Boxer ya saba zama daram a sirdi, hannu ne ke yin komai. Babur ɗin motokros kuwa da ƙafa ake riƙe shi, kamar yadda mahayin doki a hawan sallah yake matse dabbarsa da cinya, linzami na hannunsa sakwa-sakwa. Ka miƙe a kan tudun tafin ƙafa, ka matse babur da gwiwa da ƙwauri, ka lanƙwasa daga ƙugu, kai a saman kan babur. Idan za ka ƙara wuta ka riga babur karkata gaba, idan za ka taka birki ka riga shi ja da baya. Wanda ya makara, hannunsa ne ke biyan bashin. A kwana kaɗai ake zama, a gaban sirdi, ƙafar ciki a miƙe gaba, ta waje tana danna mataki, ido a mafitar kwana ba a tayar gaba ba. Idan ka shiga gurbin da tayoyi suka haƙa, inda ka kalla can za ka.

Akwai ƙananan abubuwa da ke taimakawa. Hannun kuloci da na birki su ɗan sunkuya daidai da yadda yatsunka suke idan kana tsaye. Safar hannu da hannun riga kada su matse. Ka bi giya ta sama maimakon ka bar inji yana ihu a ta ƙasa, babur zai fi laushi. Kafin a kira ku ka motsa jiki har gumi ya ɗan fito, domin da yawa tserensu na farko ne ya fi ƙage su saboda sun hau da sanyin jiki. A makonnin nan ka daina atisayen zagaye uku a huta. Ka sa agogo, ka yi minti 15 a jere da saurin da za ka iya riƙewa, ka huta, ka sake. Keke ko gudu a tsakiyar mako sun fi ɗaga ƙarfe da dantse amfani. Idan kuma ya ƙage maka a tsakiyar tsere har ba ka jin birki, ka rage gudu, ka zauna a layinka, in ya ƙi saki ka ɗaga hannu ka fita ta inda aka tanada.

Ruwa tun jajibere ake fara sha. Da safe ka ci abu mara nauyi da wuri, tsakanin tsere kuma ayaba, dabino, burodi, kaɗan-kaɗan. Kakar tsere a nan takan fara ne wajen Maris. Idan ranar ta zo cikin Ramadan, shawarata ka ɗaga zuwa bayan salla, tsere ba ya ƙarewa.

Idan ka faɗi

Wataƙila za ka faɗi, yawanci a kwana, a hankali, babu abin da zai same ka. Ka duba baya kafin ka miƙe. Idan a bayan tudu ne inda masu zuwa ba sa ganinka, ka bar babur ka fice gefe tukuna, mai tuta zai tare maka. Idan ka ɗaga shi, ka ja numfashi biyu ko uku kafin ka tayar, ka duba kan babur bai karkace ba, ka shiga fili ta inda ka fita bayan ka ga babu mai zuwa. Kada ka ce sai ka rama lokacin da ka rasa, faɗuwa ta biyu daga nan take zuwa kuma ta fi ta farko zafi.

Idan kanka ya bugu, ka ji jiri, ko ganinka ya dushe, ko ka kasa tuna yadda aka yi, ranarka ta ƙare ko da kana jin ƙarfi. Ka je wurin ma'aikatan lafiyar da ke filin, ka bi abin da suka ce, kada ka tuƙa mota. Ni bakanike ne kuma mahayi, ba likita ba, don haka idan ƙagewar hannun ta zo da dindiris da ba ya tafiya bayan ka huta, likita za ka gani. Haka kuma ban ga hawanka da idona ba. Kwana ɗaya a wurin mai koyarwa da zai tsaya a bakin kwana ya gyara maka tsayuwa zai yi maka abin da rubutu ba zai yi ba, kuma akwai su a filayen atisaye da dama a yankinku. Ka kuma duba yadda za ka yi da haya da cefane idan rauni ya zaunar da kai makonni, domin inshorar da ke cikin lasisi ba lallai ta biya maka albashi ba.

Tsakanin tsere da tsere, ka fara da babur kafin hira: mai, ceni, wayoyin taya, filta idan ƙura ta yi yawa, ka kankare laka daga lagireto da lambobinka, ka goge tabarau. Sannan ka cire hula da takalmi, ka zauna a inuwa, ka sha ruwa. Idan da sauran lokaci, ka je bakin igiya ka kalli manyan aji a kwanar da ta fi ba ka wahala, ka ga daga ina suke fara birki da wane gurbi suke bi yanzu da fili ya lalace, ka gwada shi a tsere na gaba. Allah Ya tsare, Ya sa a gama lafiya. Idan ka dawo ka rubuto mini yadda hannun ya yi, daga nan za mu san ko saitin babur ne ya rage ko tsayuwarka.